Yadda za ka zaɓi manhajar tsare adireshin IP idan kana da ƙaramin kamfanin intanet

Wata ranar Alhamis da damina, kafin azahar, wani Alhaji mai shagon buga takardu a unguwar Alabar da ke Kumasi ya kira ni. Kyamarorin shagon da yake dubawa ta waya sun daina nunawa, intanet kuma ta zo ta ɗauke, ta zo ta ɗauke. Na tura yaro ya hau rufi ya duba eriya, ya ce lafiya lau. Muka canza waya, muka canza rauta, shiru. Sai bayan la'asar na gano inda gizo ke saƙar: adireshin IP ɗin da na ba Alhaji shekara guda baya, wato lambar da ake gane na'urarsa da ita a kan intanet, ƙanena ya ba wata Hajiya mai kantin magani a Sawaba daren Laraba. Kuma yaron bai yi ganganci ba. Ya buɗe takardar Excel da ke kwamfutarsa, ya ga layin babu suna, ya bayar. Takardar da ke ɗauke da sunan Alhaji tana kan tawa kwamfutar. Na je shagon da ƙafata na ba shi haƙuri, ya ce, "Ba komai, Malam, amma aikin yini ya tafi." Maganar ta zauna mini a rai, don gaskiya ya faɗa.

Ni ƙaramin mai raba intanet ne a Kumasi. Ofishinmu ɗaki biyu ne a Aboabo, muna da hasumiya huɗu, kwastomominmu ba su kai 400 ba, yawancinsu a Asawase da Sawaba da Tafo suke, sai 'yan shaguna a wajen Kejetia. Abin da zan faɗa a nan na irin mu ne, masu ma'aikata uku ko biyar, waɗanda mai kamfanin shi ne injiniya, shi ne kuma mai amsa waya cikin dare.

Manhajar tsare adireshin IP, wadda ake kira IPAM, littafin rajista ce. Tana riƙe da duk adireshin da ke hannunka, wanda aka bayar, wanda ba a bayar ba, wa aka ba, a wace na'ura, yaushe. Kafin ka fara dubar sunayen manhajoji, zauna da biro da takarda ka ƙirga abin da kake da shi, don yawancinmu muna da adireshi iri uku a cakuɗe.

Akwai adireshin fili, wanda duniya ke gani. Shi ne zinariyar. Tun watan Fabrairun 2011 rumbun IPv4 na duniya, wato tsohon tsarin adireshi, ya ƙare, hukumar AFRINIC da ke Morishos, wadda ke raba wa Afirka, ta shiga matakin tsimi na biyu a Janairun 2020, inda mafi yawan abin da take bayarwa a buƙata ɗaya shi ne /22, wato adireshi 1,024, mafi ƙanƙanta kuma /24, adireshi 256. In ka koma neman ƙari, sai ka nuna cewa na hannunka ya kusa ƙarewa da gaske, ka kuma nuna inda kowanne ya tafi. Da yawa cikinmu ma ba mu da namu, aro muke yi a wurin babban kamfanin da ke sayar mana da layi. Sai adireshin cikin gida, su 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16, da muke ba eriyoyi da rautoci don mu riƙa shiga cikinsu. Na uku shi ne 100.64.0.0/10, wanda aka keɓe a 2012 don masu raba intanet su ɓoye kwastomomi da yawa a bayan adireshin fili ɗaya, abin da ake kira CGNAT. In manhaja ba ta iya nuna maka waɗannan ukun daban-daban, kowanne da abin da ya rage a cikinsa, wuce ta.

Babbar tambayar da mutane ke tsallakewa kuwa ita ce, wa ke da maganar ƙarshe? A ƙaramin kamfani irin namu, adireshi yana zaune a wuri uku ko huɗu lokaci guda. Yana cikin rautar MikroTik, yana cikin RADIUS, manhajar da ke tantance masu shiga ta PPPoE, wato da suna da kalmar sirri, yana cikin manhajar karɓar kuɗi, yana kuma cikin kan mai kamfani. In ka ƙara IPAM a kai ba tare da ka yanke wanda sauran za su bi ba, ka ƙara wuri na biyar da zai saɓa wa sauran. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Dokar da na kafa a ofishinmu bayan ranar Alhajin nan ita ce, adireshi ba ya hawa rauta sai an fara rubuta shi a IPAM. Ko ni na karya ta, yaran suna da izinin su tsayar da ni. Duk zaɓin manhaja yana rataye ne a kan wannan dokar, saboda abin da kake nema shi ne manhajar da bin dokar zai yi sauƙi da ita, har ga yaron da ke tsaye a kan rufin kwano da rana tsaka, waya a hannu ɗaya.

Manhajojin kyauta guda biyu ne na zauna da su sosai, kuma halinsu ya bambanta tun daga tushe.

phpIPAM ita ce na fara da ita. Tana buƙatar Linux da PHP da rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, abubuwan da duk wanda ya taɓa ɗora shafin intanet ya sani. Cikin yini ɗaya za ka girka ta ka fara zuba bayanai. Abin da ya ja ni gare ta shi ne tana leƙa layin da kanta. Kana saita ta ta riƙa ƙwanƙwasa kowane adireshi lokaci-lokaci, ta nuna maka wanda ya amsa, wanda ya yi shiru, da ranar ƙarshe da aka gan shi. Tana kuma tono adireshin da ke aiki alhali ba a rubuta shi ba. Makon farko ta fito mini da na'urori goma sha da ban san da su ba, ciki har da wata tsohuwar eriya a Tafo da muka ɗauka an sauke ta tuntuni. Ga wanda gidansa ya hargitse, wannan babban taimako ne. Amma a kula, shirun adireshi ba ya nufin babu mai shi. Kwastoma na iya kashe rautarsa ya tafi Tamale biki, ko an ɗauke wuta a unguwarsu, ko na'urarsa an saita ta kada ta amsa ƙwanƙwasa. In ka ga adireshi da alamar ja ta shiru ka ce fanko ne ka bayar, ka koma gidan jiya.

NetBox kuwa wata falsafa ce daban. Wani injiniya mai suna Jeremy Stretch ne ya fara ta a kamfanin DigitalOcean, aka sake ta kyauta a 2016. Ita da kanta ba ta leƙa layi. Abin da ka rubuta mata shi take riƙewa, a matsayin yadda ya kamata layin ya kasance, sauran na'urori su biyo. Kuma ba adireshi kaɗai take tsarewa ba: hasumiya, akwatin na'urori, kowace rauta da kowace kafarta, wayar da ta haɗa wannan da wancan, layin da ka saya daga babban kamfani da lambarsa, duk tana da gurbinsu. Tana buƙatar Python da PostgreSQL da Redis, don haka girka ta da sabunta ta sun fi na phpIPAM nauyi, kuma cike ta da bayanai aiki ne na makonni. Ladan wahalar yana zuwa ne ranar da ka sami wanda ya iya rubuta ɗan gajeren shiri. Ta ƙofar API, wadda manhajoji ke magana da juna ta cikinta, shirin zai tambaye ta adireshi na gaba da ba kowa, ta ba shi, ta rubuta sunan kwastoma, shi kuma ya tura wa RADIUS. Hannun mutum ya fita, kuskuren kwafe lamba ya fita tare da shi. Wani ɗalibin jami'ar KNUST da ya yi mana aikin hutu ne ya haɗa mana wannan, kuma tun daga nan ban sake buga adireshin kwastoma da yatsana ba.

Ra'ayina a fili: in hasumiyarka ɗaya ce ko biyu, kai da ƙanenka ne ma'aikata, kuma abin da ke damunka shi ne sanin wane adireshi ke hannun wa, ɗauki phpIPAM ka huta. In ka fara jan wayar fayiba, kana da wurare fiye da uku, kana shirin neman lambar AS taka, wato lambar shaidar layinka a tsakanin masu raba intanet, da adireshinka daga AFRINIC, ko kana tunanin haɗuwa da cibiyar musayar intanet ta Gana, GIX, da ke Akra, fara da NetBox tun yanzu, don ƙaura daga baya ta fi girkawar farko ciwo. Akwai Nautobot, wadda aka tsago daga NetBox a 2021, da NIPAP da GestióIP, duk kyauta ne, amma ka tambayi kanka wa za ka kira a Kumasi in ta tsaya maka da ƙarfe biyun dare. Yawan masu amfani da manhaja a kusa da kai yana cikin ingancinta.

Na kuɗi kuma, su Infoblox da BlueCat da EfficientIP, manyan kaya ne da aka ƙera wa bankuna da manyan kamfanoni, suna haɗa IPAM da DNS mai mayar da suna zuwa adireshi da DHCP mai raba wa na'urori adireshi wuri guda. SolarWinds da ManageEngine suna da nasu masu sauƙi. Matsalata da su lissafi ce kawai: ni da sidi kwastomomi ke biya na ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, lasisin kuma da kuɗin waje ake sabunta shi duk shekara. Kafin ka sa hannu, tambayi yadda suke ƙirga kuɗin, da yawan adireshi ne ko da yawan na'ura, kuma in ka daina biya, bayananka za su fito a takardar CSV, wadda Excel ke iya buɗewa, ko sun maƙale. Haka nan in kana amfani da manhajar karɓar kuɗi ta masu raba intanet irin Splynx, duba tukuna, tana da nata sashen adireshi da ke haɗe da kwastoma kai tsaye. Ga adireshin kwastomomi yana iya isar ka, sai ka bar wa IPAM adireshin hasumiyoyi da manyan gungu. Abin da ba zai yiwu ba shi ne gungu ɗaya ya zama mallakin su biyun.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada ka yanke hukunci da hotunan shafinsu. Ɗora manhajar a tsohuwar kwamfuta, zuba mata bayanan hasumiya ɗaya ta gaske, ka yi mata jarrabawar da aikinka zai yi mata.

Fara da abin da ya same ni: rubuta adireshi ɗaya sau biyu ka ga ko za ta ƙi. A NetBox akwai saitin da ke hana maimaici, na gaba ɗaya da na kowace VRF, wato keɓaɓɓen ɗakin adireshi, tabbatar a kunne yake. Maganar VRF kuma tana da muhimmanci, don akwai maimaicin da yake halal. In kana kula da layin cikin gida na makarantar Islamiyya da na wani asibiti, mai yiwuwa dukansu 192.168.1.0/24 suke amfani da shi, kuma babu laifi tunda ba sa haɗuwa. Manhaja ta gari tana ba ka damar ware su kowa da ɗakinsa, ta hana maimaici a cikin ɗaki, ta ƙyale shi tsakanin ɗakuna.

Daga nan ka gwada yanka. Ɗauki /24 ka ce ta fitar maka da /29 ga wani otal, adireshi 8 ke nan, 6 masu amfani, da /30 ga layin da ke tsakanin hasumiya biyu. Shin tana nuna maka gurbin da ya rage, ko sai ka yi lissafi da kanka? Asarar adireshin fili yawanci a nan take faruwa. Mutum ya yanki /29 a tsakiyar fili, ya raba shi biyu, gobe a zo neman /26 a tarar akwai adadin amma babu shi a jere. Kamar mai yadi ne da ya fara yanka daga tsakiyar bandir.

Sai ka miƙa wa yaron da ya fi kowa ƙanƙanta a ofis wayarsa ka ce ya nemo adireshin Hajiya mai kantin magani da sunanta kawai, sannan ya ware wa sabon kwastoma adireshi. Kada ka taimake shi, duba agogo. In abin ya ɗauke shi minti goma a ofis cikin inuwa, a kan rufi ba zai yi ba, zai ce "in na dawo zan rubuta", kuma ba zai rubuta ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: rajistar da aka cike rabi ta fi rashin rajista haɗari, don mutane suna yarda da ita. Duba kuma ko za ka iya ba shi izinin gani da ƙarawa ba tare da izinin gogewa ba, kowa da sunan shigarsa. Kalmar sirri ɗaya ga ofis duka tana kashe amfanin tarihi.

Tarihin nan shi ne abin da na fi so a tsaya a kai. Wata rana saƙo zai zo, daga babban kamfanin da kake aron adireshinsa ko daga hukuma, cewa adireshi kaza ya aikata abu kaza ranar kaza da ƙarfe kaza. Muna aiki ne ƙarƙashin lasisin NCA, hukumar sadarwa ta ƙasa, kuma Gana tana da dokar tsaron intanet ta 2020 da hukumarta. Tambayar da za a yi maka ta watannin baya ce, wa ke riƙe da adireshin a wancan lokacin. phpIPAM da NetBox duka suna ajiye tarihin canje-canje, amma NetBox tana share nata bayan kwana 90 in ba ka canza saitin ba, don haka canza shi ranar farko. Kuma ka sani IPAM ita kaɗai ba za ta amsa tambayar ba. Wanda ya karɓi adireshi daga tafkin PPPoE, sai a rajistar zaman RADIUS za ka same shi. Wanda ke bayan CGNAT kuwa, mutum hamsin na iya fita da adireshin fili ɗaya a daƙiƙa ɗaya, sai da lambar ƙofa, wato port ɗin da kowanne ya fita ta kai, da rajistar rautar za ka bambance su. Duk waɗannan ba su da amfani in agogunan na'urorin sun saɓa, saboda haka ɗaura su duka a kan NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet. Mu a Gana mun yi sa'a, agogonmu daidai yake da GMT duk shekara, babu ƙari babu ragi.

Wani abin da ke tafiya da wannan: kada ka mayar da IPAM ma'ajiyar sirrin mutane. Dokar kare bayanai ta 2012 tana kanmu. Ni lambar kwastoma da sunan shago nake sawa, sai adireshin GhanaPost GPS na hasumiyoyi. Lambar Ghana Card da lambar waya suna can a manhajar kuɗi, inda mutum biyu kawai ke shiga.

A ina za ta zauna? Akwai masu cewa ɗora ta a sabar haya a Turai, babu ruwanka da dumsor, wato ɗauke-ɗauken wuta. Na yi tunanin haka har zuwa ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, Gana ta shiga duhun intanet na kwanaki. Ranar da layin waje ya faɗi ita ce ranar da ka fi buƙatar rajistarka, don a ranar kake sauya hanyoyi. Tamu tana ofis, a ƙaramar kwamfuta marar cin wuta, kan inbata ɗaya da babbar rauta, a saman kanta mai tsawo, don duk wanda ya yi damina a Aboabo ya san ruwa ba ya sallama. Ba ta fuskantar intanet kai tsaye, sai ta VPN, wato ɓoyayyar hanya mai tsaro, ake shiga, tunda taswirar gidanka ce gaba ɗaya. Kowane dare tana fitar da kwafin rumbun bayananta, ɗaya ya tafi sabar waje, ɗaya ya zauna a gida. Sau ɗaya a wata ina ɗaukar kwafin in zuba shi a wata kwamfuta in ga ko zai tashi. Farkon gwajin da na yi, fayil ɗin fanko ne, na manta ban ba shirin izinin karanta rumbun ba, kuma da ban gwada ba da sai ranar tsawa zan sani.

Ƙaura daga Excel kada a yi ta rana ɗaya. Dukansu suna karɓar CSV, amma in ka zuba takardar yadda take, ka kwashe dattin tsohon gida zuwa sabo. Mu hasumiya-hasumiya muka bi. A buɗe rautar, a fitar da abin da ke cikinta da gaske, a gwama da takarda, duk inda suka saɓa a kira kwastoma ko a je a gani. Wanda aka kasa gano mai shi, a sa masa alamar "ana bincike", kada a goge. Hasumiyar da aka gama, a kulle shafinta na Excel kada kowa ya sake taɓawa. Mun fara da Aboabo, muka ƙare da Tafo, ya ɗauke mu mako shida, kuma mun tsinci adireshin fili 19 da ke rubuce da sunan mutanen da suka bar mu tun tuni. Tun daga lokacin, wanda ya tafi, adireshinsa yana hutawa wata guda da alamar ajiya kafin a ba wani, kuma ina duba shi a jerin baƙin suna irin na Spamhaus, don kada sabon kwastoma ya gaji laifin tsohon, wasiƙunsa su riƙa dawowa.

Jarrabawa ta ƙarshe ita ce IPv6, sabon tsarin adireshi, ko da ba ka fara ba tukuna. Mai raba intanet yakan karɓi /32, wanda ke ɗauke da /48 guda 65,536. A nan ƙirga adireshi ɗai-ɗai ya ƙare, gungu ake rabawa: /48 ga kamfani, /56 ga gida, wanda ke ba shi /64 guda 256. Ƙwanƙwasa ma ba ta aiki, don /64 ɗaya ya fi ƙarfin a bi shi ɗaya bayan ɗaya, saboda haka abin da ka rubuta shi ne kawai abin da ka sani. Shigar da /32 na gwaji, 2001:db8::/32 da aka keɓe don misalai, ka yanka /40 ga kowace hasumiya, ka ce ta ba ka /56 na gaba a ƙarƙashin Sawaba. In ta yi nauyi ko ta rikice, ka gani tun kafin ka zuba mata aikin wata shida. A tamu na riga na zana tsarin hasumiyoyi huɗun da wannan gungun gwaji, na bar gurbin guda biyu a gefe, ɗaya na Asokore Mampong inda muke neman wurin kafa ta biyar.